Hula Mai Jan Baki

Kafin Insifekta ya iso masana'antar, an riga an gama masa binciken. Tun daga bakin ƙofa mai gadi ya tare shi da sakamakon.

"Ranka ya daɗe, ai ba wani abu ba ne. Waldar mace ce ta saki."

Insifekta ya wuce shi ya shiga. A duk aikinsa babu abin da ya tsana kamar amsar da ta riga shi zuwa wurin gawa.

Masana'antar ta ƙera ƙofofi da tankunan ƙarfe ce. A tsakiyar harabarta an kewaye wani fili da kwano, an jera kujerun roba a gabansa domin bikin da za a yi da hantsi. Yanzu rabin kujerun sun kife, gefe ɗaya na kwanon ya lotse, ma'aikata sun yi cirko-cirko suna hararar 'yan sanda kamar su suka jawo abin.

Abin da ya faɗi mace ce ta ƙarfe, tsawonta ya ninka na mutum. An haɗa ta da guntattakin bututu da faifan tsohon tanki. Da hannun dama ta ɗaga sandar walda sama. Da na hagu ta saki tiren shayi, kofunan an riƙe su da siririn ƙarfe kamar suna cikin faɗuwa. Ƙafa ɗaya ta ɗaga tana tsallake teburin ofis, saboda haka duk nauyinta a kan idon sawu ɗaya yake. A nan ta karye.

A ƙarƙashin kafaɗarta aka zaro Dogo, direban injin ɗaga kaya. An lulluɓe shi da tamfol ɗin da aka tanada don rufe mutum-mutumin.

"Wannan ne gunkin?" in ji Saje, yana girgiza kai. "Mace ta ƙera mace, ta kashe namiji. Duniya ta zo ƙarshe."

"Saje, idan duniyar ta ƙare zan sanar da kai. Kafin nan kori mutanen nan baya."

Insifekta ya tsuguna wurin karayar. Bututun ƙafar mai kauri ne, amma an yanke shi ta ciki kusan zagaye, sannan an shafa masa ɗinkin walda a sama, siriri kamar yanar da ke hawa kan madara. Garin ƙarfe sabo yana ƙyalli a ƙasa. A ƙarshen ɗinkin akwai wata 'yar lanƙwasa, kamar jela. Ya ɗauki hotonta da waya.

Ya miƙe ya duba kewaye. Injin walda yana gefe. Sarƙar da ta riƙe mutum-mutumin ba tsinkewa ta yi ba, kwance ta aka yi. A jikin kwanon an rataye hular walda a ƙusa, an zana mata manyan leɓɓa da jan fenti, har da 'yan kunne na waya. A ƙasa kuma ga wani guntun kwali da aka tsaga masa siririyar kafa a tsakiya, duk jikinsa ɗigon ƙuna.

"Sa wannan a leda."

"Kwalin, ranka ya daɗe? Shara ce fa."

"Sa sharar a leda."

A can inuwa an zaunar da wani dattijo mai ƙirar ƙarfi, sanye da baƙin tabarau, hawaye na gangarowa ta ƙarƙashinsa har gemu. Foman ne, shugaban masu walda, kuma yayan mamacin. Maza sun kewaye shi suna ba shi baki.

"Allah ya jiƙansa," in ji Insifekta. "Jiya da ake hutu kana ina?"

"Ina gidana." Muryarsa ta dushe. "Na faɗa musu. Tun farko na faɗa musu hannunta ba zai riƙe nauyin nan ba. Aka ce ni ɗan da ne, ban waye ba. To ga wayewa nan a kwance."

"Me ya kai ƙaninka cikin kwanon?"

"Ita za ka tambaya. Ni na hana kowa zuwa wurin."

Wani daga cikin mazan ya ɗaga murya. "Yallaɓai, ka bar mutum ya ji da abin da ke damunsa mana! Wadda ta yi kisan tana can an ajiye muku."

Ofishin Manaja yana sama, da na'urar sanyaya ɗaki da labule mai kauri. A bango an liƙa hotunan da hedikwata ta aiko, mata cikin kayan aiki suna murmushi. Matan da ke bangon sun fi waɗanda kamfanin ya ɗauka aiki yawa.

"Insifekta, ni fa mai goyon bayan mata ne, kowa ya sani," in ji Manaja, yana gyara wuyan riga. "Amma sakaci sakaci ne. Rai ya salwanta. Na sa an kulle ta a ɗakin mai gadi don kada ma'aikata su yi mata illa. Ka tafi da ita kafin baƙin hedikwata su iso, ka taimake ni."

"Wa ya ba ta aikin?"

"Hedikwata. Sun ce a yi wani abu da zai nuna kamfani yana damawa da mata. Ita ta kawo zane, suka yi ta tafi. Ni ai ban so a tsayar da abu a ƙafa ɗaya ba."

"Ka duba aikin kafin hutu?"

"Da kaina. Na zagaya shi sosai."

"A kan wace ƙafa take tsaye?"

Manaja ya buɗe baki, ya kalli silin.

"Ta dama."

"Ta hagu ce. Ba ka taɓa leƙa cikin kwanon nan ba. Ka ƙara yi mini ƙarya, kai ma ka bi mu. Wa ke iya shiga wurin?"

"Kowa," ya ce a hankali. "Da waya ake ɗaure ƙofar."

"Kayan aiki fa, ranar hutu?"

A nan Manaja ya ɗan farfaɗo, don an zo wurin da yake alfahari. "Wannan kam dokata ce. Ana ta sace mana kaya, sai na ce duk jajibirin hutu a tattara huluna da safar hannu a kulle a sito. Makullin yana aljihuna, ni kuwa jiya ba na gari."

"Har da hular Foman?"

"Har da tasa. Ya yi ta faɗa, ya ce tun ina wasan ƙasa yake rataye ta a ofishinsa. Na ce doka ba ta san gemu ba."

"Ita fa?"

"Tata babu mai sata," in ji Manaja, ya yi 'yar dariya, ya ga ba a taya shi ba, ya haɗiye.

A ɗakin mai gadi Maƙeriya tana zaune a benci, ta jingina da bango. Ba ta kai arba'in ba. Bayan hannayenta duk tabon tartsatsi ne, leɓenta na ƙasa ya fashe inda wani ya jefe ta da ƙusa kafin a kulle ta.

"Kun zo da ankwar, ko in jira a ƙero?"

"Ki iya bakinki, baiwar Allah," in ji Saje. "Laifin kisa ta sakaci ke kanki. Shekaru ne a gidan yari, ba wasa ba."

"Na sani. Tun safe ake lissafa mini su ta taga."

Insifekta ya jawo kujera. "Yaya kika zama mai walda a nan?"

"Da takardar walda na zo. Suka karɓa, suka yaba, suka miƙo mini tire. Na je wurin Foman na ce ya sa ni a layinsa na masu walda. Ya ce shi ba ya zuba hannunsa a wadda gobe za ta ce tana da ciki. Duk mazan can shi ya koya musu, ni kaɗai ya ƙi. Sai na riƙa tsintar guntaye ina yi ni kaɗai lokacin cin abinci, har aka rasa yadda za a yi da ni, aka bar ni na shiga layin."

"Tiren da ke hannun mutum-mutumin?"

"Shi ne. Ban tambayi kowa ba na ɗauka. Ka ƙara a cikin laifuffukan."

Ya miƙa mata wayar. Ta daɗe tana kallon hoton, ta buɗa shi da yatsu biyu.

"Wannan ba ɗinkina ba ne."

"Kowa haka yake cewa."

"To kada ka yarda da ni, ka yarda da idonka. Ka ga 'yar jelar nan? Haka Foman yake rufe ɗinki, haka ya koya wa yaransa, da ita suke taƙama. Ni ban samu gadon ba. Nawa ɗinkin a tsaye yake ƙarewa. Je ka duba jikinta daga kai har ƙugu, idan ka samu jela ɗaya ka rataye ni da ita. Ƙafar nan sau uku na bi ta, na cika ta har ciki. Wani ya yanke ya shafa kwalliya."

Insifekta ya yi wa Saje alama da kai, Saje ya fita.

"Hular da ke rataye fa?"

"Tawa ce. Ranar da na fara aiki a layi na tarar sun yi mata jan baki. Suna jira in yi kuka ko in goge. Na sa abata haka. Tun daga ranar ko ta faɗi ƙasa babu namijin da zai ɗaga, da ƙafa suke ture ta. Wai wanda ya taɓa, matarsa za ta mallake shi."

"Jiya kina ina?"

"Ina gida ina wanki. Shaidata igiyar shanya."

"Me ya kai Dogo wurin?"

"Ban sani ba."

"Wa aka shirya zai kwance sarƙar yau da safe?"

"Ni."

"Amma shi ya kwance. Mutumin da yayansa ya hana shi zuwa wurin ya tashi da sassafe ya je ya yi aikinki, ke kuma ba ki sani ba. Malama, ni ne kaɗai a harabar nan ban yanke miki hukunci ba tukuna. Kada ki sa in gaji."

Ta kawar da kai. Da ta sake magana, kaifin muryar ya tafi.

"Shi yake ɗaga mini manyan ƙarafan, idan yayansa ya fita. Kana tsammani da ka na ɗora kafaɗar can? Ya sa na rantse ba zan faɗa ba, ya ce Yaya zai cinye shi ɗanye. Yau 'yata ta tashi da zazzaɓi, na makara. Na kira shi na ce ya taimaka ya kwance sarƙar kafin baƙi su zo. Ya ce, an gama, ranki ya daɗe. Haka yake tsokanata." Ta mayar masa da wayarsa. "Ni ce ya kamata a ce ina ƙarƙashin tamfol ɗin can."

Saje ya dawo yana share gumi, fuskarsa kamar wanda aka ƙwace wa abu.

"Babu jela, ranka ya daɗe. Ko ɗaya. Sai a ƙafar."

"To duniyar ta ɗan dakata," in ji Insifekta.

Sakatariya tana ƙaramin ɗakin da ke ƙarƙashin bene tana ɗauraye kofuna. Dattijuwa ce tsaf-tsaf, wadda ta ga manajoji da yawa sun zo sun wuce. Ba ta juyo ba.

"In shayi kuke so, babu tire. An yi gunki da shi."

"Ba kya son mutum-mutumin."

"In so shi? Tun tana goye nake ɗaukar tire a gidan nan. Da shi na karantar da 'ya'yana har jami'a. Sai yarinya ta zo ta tsayar da ƙarfe a tsakar gida tana nuna wa duniya aikina abin jefarwa ne. Wai 'yancin mata. Ni ba mace ba ce? Wa ya tambaye ni?"

"Tambaya ce mai kyau, amma ba ita na zo da ita ba. Jiya kin shigo?"

"Ranar hutu? Me zan zo yi?"

"Kujerun can a jere aka tarar da su da asuba, har da furanni a teburin baƙi. Manaja ba ya gari, masu walda kuwa ba su san fure ba."

Ta ajiye kofi da ƙarfi. "To na zo. Da rana tsaka, na jera na tafi. Ba na son a ja ni kotu shaida, shi ya sa."

"Me kika gani?"

"Hasken walda ta ƙarƙashin kwano. Wal, wal. Wa zai kasance in ba ita ba?"

"Kin gan ta?"

"Ban leƙa ba. Ba ma magana."

"Wato haske kika gani, sauran kika cika da kanki."

Sakatariya ta juyo, ta riƙe ƙugu. "Na ga inda ka dosa, ɗan nan. An ce kana ta tambayar bawan Allahn can inda yake jiya. Ka ji tsoron Allah. Mutumin da ya raini ƙaninsa tun suna marayu? Ni na kai masa shayi yau da sassafe, kafin a ji ƙarar faɗuwar. Na tarar da shi a ofis ya ja labule, yana zaune cikin duhu, hawaye shaɓe-shaɓe. Na ce lafiya? Ya ce ba komai. Ashe jikinsa ne ya ba shi. Jini ba ƙarya ba ne."

"Kafin faɗuwar?"

"Da nisa ma. Har shayin ya huce kafin mu ji ƙarar."

Saje ya jinjina kai. "Allahu akbar. Akwai irin wannan, ranka ya daɗe. Ni ma ranar da kawuna zai rasu..."

"Saje."

"Ranka ya daɗe."

"Kana yaro ka taɓa tsayawa kallon mai walda?"

Saje ya kai hannu ya murza idonsa. Ana son labarin jikin da ke ba mutum, domin yana sa mutuwa ta zama kamar mai ladabi, mai aiko da saƙo kafin ta iso. Amma akwai wani kukan da duk wanda ya taɓa ƙura wa wutar walda ido ya sani. Ba ya zuwa nan take. Sai an kwana, mutum ya tashi kamar an zuba masa yashi a ido, haske ya zama abokin gaba.

"Je ka ɗauko hular nan da kwalin," in ji Insifekta. "Ka ce Manaja ya buɗe sito. A tara mini kowa a ɗakin aiki, har da ita."

Ɗakin aikin dogo ne, mai duhu-duhu, yana warin ƙonannen ƙarfe. Mazan suka tsaya gefe ɗaya, Maƙeriya ita kaɗai a ɗaya gefen, Saje a tsakani. An kawo wa Foman kujera.

Insifekta ya sa aka ɗora guntayen ƙarfe a tebur. "Kowa ya yi mini ɗinki, tsawon yatsa."

"Mu kuma? Mu aka kashe wa ɗan'uwa, mu za a yi wa jarrabawa?"

"Ko a nan, ko a ofishinmu. Can babu fanka."

Suka yi, suna ƙunƙuni. Ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗinki ya ƙare da 'yar jela. Maƙeriya ta karɓi hularta daga hannun Saje, ta sa, jan bakin yana fuskantar mazan. Nata ɗinkin ya ƙare a tsaye.

Insifekta ya ɗaga wayarsa, ya zagaya da hoton a gaban idonsu. Ƙunƙunin ya mutu.

"An yanke ƙafar jiya da rana, aka rufe da ɗinkin ƙarya. Wanda ya yi, ya so ya kwaikwayi mugun aiki, kuma ya yi ƙoƙari. Amma da ya zo ƙarshe, hannunsa ya yi abin da ya saba."

"To sai me?" in ji Foman daga kujera. "Ka gani da idonka, duk suna da jelar. Za ka kwashe su duka ne? Ko ita ba za ta iya kwaikwaya ba don ta shafa mana?"

"Ta yanke ƙafar da ita ce za ta tsaya a ƙarƙashinta? Cire tabarau, Foman."

"Ina cikin makoki."

"Na sani. Cire."

"Yallaɓai, wannan cin mutunci ne!" in ji wani daga baya.

Insifekta ya taka da kansa ya tura babbar ƙofar. Hasken rana ya faɗo ɗakin har kan kujerar. Foman ya dunƙule, ya kare fuska da hannu, duk da tabarau ɗin. Saje ya matso ya zare shi.

Idanun sun kumbura sun yi jawur, ba sa buɗuwa. Daga wannan kunci zuwa wancan, ta kan karan hanci, fatar ta ƙone ta yi ja, siririn layi kamar an ja da alli.

Babu mai walda a ɗakin da bai gane abin da yake gani ba. Waɗanda ke kusa da kujerar suka ja baya kaɗan.

Insifekta ya zaro kwalin daga leda, ya riƙe shi kusa da fuskar Foman. Tsagar kwalin da layin ƙunar kamar tare aka auna su.

"Ka fara kukan nan kafin ƙaninka ya mutu. Sakatariya ta gan ka, ta ɗauka waliyyi ne kai. Jiya ka zo ka tarar an kulle hularka a sito. Ka tsaga kwali ka kare fuska, kamar sabon shiga."

"Kwali ne kawai. Kowa zai iya..."

"Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai." Insifekta ya karɓi hular daga hannun Maƙeriya, ya juya ta a hannu. "Gilashinta lafiya lau. Tana rataye a ƙusa, miƙa hannu kawai za ka yi. Babu kowa a wurin, babu mai ganinka. Da ka sa ta, da yanzu idonka garau, da wannan baiwar Allah tana bayan kanta, ni kuma ina ofis ina shan shayi. Mutum mai shekarunka a aiki, ka san abin da wutar nan take yi wa ido. Me ya hana ka?"

Ya ɗora masa hular a cinya.

Foman ya zabura ya kaɗe ta, ta gangara ƙasa, 'yan kunnen suna ƙara.

"Ni? Ni zan sa wannan a kaina? Gara in makance!"

Shi kansa ya ji abin da ya faɗa. Ya koma kujerar a hankali, kamar an zare masa ƙashi.

"To faɗa mana sauran," in ji Insifekta.

"Ba don a mutu na yi ba." Yana magana hawayen na zuba, yanzu kam babu mai iya raba na wuta da na zuci. "Na auna. Na bar mata abin da zai riƙe har a ja igiyar tamfol. Idan aka ja, sai ta tafi ta baya, kan kwano, inda babu kowa. A gaban manyan hedikwata, a gaban masu ɗaukar hoto. Su gani da idonsu. Tun ina saurayi nake gina layin nan. Ban taɓa ganin an kawo kujera an jera don aikina ba. Sai mai kawo shayi ta tsinci shara ta liƙa, a ce za a yi biki, har ana cewa za a ba ta layi nata. A gabana."

"Ƙaninka fa?"

"Na hana shi! Na tara su duka na ce duk namijin da ya taɓa sarƙar nan ya bar mini aiki. Bai taɓa tsallake maganata ba. Ina zan san yana zuwa wurinta a bayan idona? Na hana kowa zuwa wurin. Kowa!"

"Ni fa?"

Maƙeriya ce. Ba ta ɗaga murya ba.

Foman ya juya kai wajen muryar, idanun a rufe.

"Ka hana maza. To wa ka bari ya kwance sarƙar? Ka ce ka auna. Da ka auna, ni a ina ka sa ni?"

Foman ya sunkuyar da kai.

Saje ya sa masa ankwa, a hankali fiye da yadda ya saba. Da suka fita harabar, rana ta hana shi ganin gabansa, ya yi ta tuntuɓe da kujerun bikin. Cikin yaran da ya koya wa aiki babu wanda ya matso ya kama shi. Sakatariya tana tsaye a ƙofar ɗakinta da kofi a hannu, ta bi shi da kallo har mota, sannan ta shige ta rufe ƙofa.

Manaja ya sauko da sauri, yana murza hannu. "Malama, ni dama ban taɓa shakkar aikinki ba. Idan za a iya tayar da ita kafin ƙarshen wata, hedikwata za su..."

"Akwai gawa a tsakar gidanka," in ji ta. "Matarsa ko an gaya mata?"

Manaja ya tuna yana da waya, ya koma sama.

Hular tana nan inda ta faɗi. Mazan suna wucewa suna kauce mata. Insifekta ya sunkuya ya ɗauka, ya kaɗe mata ƙura.

"Ke kin fita, Malama. Je ki duba 'yarki. Amma wannan za ta bi mu, shaida ce. Sai an gama shari'a."

Maƙeriya ta taɓa fasasshen leɓenta, ta kalli hular, ta kalli Saje da ke buɗe leda.

"A dawo mini da ita yadda take," ta ce. "Kada wani mai tausayi ya goge jan bakin."